Tsakanin Tsami da Toka: Sure a Hannun Matan Jega, Aliero da Maiyama

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Yawuri a ƙarshen damina, ya wuce Aliero, ya ratsa Jega, ya miƙe Maiyama, zai riƙa ganin wani jan layi yana kewaye gonakin gero da dawa. Sure ke nan, wanda mutanen gabas ke kira yakuwa. Ba kasafai ake ware masa gona sukutum a nan ba. A kan iyaka ake yafa shi ya raba gonar wane da ta wane, ko a cusa shi tsakanin kunyoyin gyaɗa da wake. Maigida ba ya sa shi cikin lissafin dammunan da zai kai rumbu. Kayan mata ne, kuma sau uku suke cin moriyarsa: ganye tun damina na tsakiya, soɓorodo idan kaka ta kama, gurguzu bayan an kwashe komai daga gona.

Ɗan'uwan kuɓewa ne da rama da auduga, duk wanda ya dubi furensu ya san gidansu ɗaya. Ba ya neman gata. Jigawa mai rairayi ta ishe shi, kuma ko ruwa ya yi ɗan fashi ba ya saurin langaɓewa. Abin da ya yi suna da shi tsami ne mai kama muƙamuƙi, yana cikin ganye, yana cikin kwanso. A ganina duk gwanintar matan nan wuri ɗaya ta tattaru, wato sanin inda za a sakar wa tsamin nan mara da inda za a kwantar da shi da toka. Ba su da ma'auni. Da harshe da ido suke aunawa, kuma da wuya ka ga awon ya kuskure.

A fara da miya, don ita ce ta kullum. Suren farko, wanda ake cirewa lokacin rage shuka, tsaminsa kaɗan ne, yana iya faɗawa tukunya kai tsaye. Da ganye ya kwana biyu a kan kara, ya yi kauri ya tsattsage, sai tsamin ya ninka. Nan hannaye suka rabu. Wata za ta yi masa tafasa ɗaya ta tsiyaye ruwan fari. Wata kuwa ba ta yarda da wannan ba, don a wurinta daɗin miyar ne ake malalarwa a kwata. Ita sai ta ɗauko ruwan toka.

Shi kansa ruwan tokar aiki ne. Karan gero ko na dawa ake ƙonawa, a tara tokar a tsohuwar ƙwarya ko kwano mai huji, a shimfiɗa tsumma a ƙasa, a zuba ruwa a bar shi yana ɗiga. Ɗigon farko shi ne mai kaifi, na baya ba shi da ƙarfi. Da ya haɗu da tsami a tukunya sai kumfa ta taso fuu, kuma kumfar nan ce gwana take karantawa. Muddin tana tasowa da ƙarfinta, akwai sauran tsami. In ta fara sanyi, to a dakata. A gidajen yankin kana iya jin uwar miji tana tsaye kan amarya:

"Ɗiga kaɗan ki motsa, ɗiyata, kada ki tuttule."

"Inna, hakanga ya isa?"

"Bari kumfa ta kwanta tukuna, sannan ki ɗanɗana."

Idan toka ta yi yawa miya kan yi duhu, ganye ya narke ya yi santsi, bauri ya maƙale a bayan harshe. Gyaransa sai ƙarin ganye, in akwai. Masu ilimin abinci sun ƙara da cewa toka da kanwa suna kashe bitamin C da ke cikin ganye, don haka mai ɗigawa da tsantseni ta tsira da ɗanɗano, ta kuma tsira da amfani. Sauran tsamin gyaɗa ce ke rarrashinsa. Daka ko markaɗe, takan ba miyar kauri da garɗi, ta rufe kaifin ba tare da ta kashe shi ba. Albasa kuwa ba a ƙyashinta a ƙasar da Aliero take, garin da albasarsa ke cika manyan motoci zuwa Kudu da maƙwabtan ƙasashe. Sai busasshen kifi, na gulbin Zamfara da ya bi ta gefen Jega, wanda tsamin sure ke kashe wa ƙarni fiye da duk wani kayan ƙamshi. A kawo tuwon shinkafa ko hoce, magana ta ƙare. Ni dai miyar suren da aka kashe wa tsami ƙurmus ba na ganin dalilin yin ta. Mai gudun tsami ai ga alayyafo nan.

Ganyen da ya yi saura ana shanya shi a inuwa, don rana tana cinye korensa, a adana shi domin watannin rani.

Sure yana da nasa lokacin da ba a sauya masa. Ba ya yin fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, ko an shuka shi da wuri ko an makara. Shi ya sa wadda ta san kan abin take matsa wa a yafa irinta tun Yuni ko farkon Yuli. Wanda aka shuka a makare zai yi fure tare da na farko, amma yana ɗan guntunsa, ba rassa, ba yabanya. Furen fari ne mai ratsin ɗorawa, da jan ciki, yakan buɗe da safe ya yanƙwane kafin yamma. Ba shi ake sha ba. Bayan ya faɗi, kwanson da ke riƙe da shi daga ƙasa ne ke kumbura ya yi jawur ya rungume ƙullin 'ya'yan, shi ne soɓorodo, shi ne zoɓo. Wajen mako uku bayan faɗuwar fure yake kai ganiyarsa. In aka yi gaggawa a samu siriri marar nauyi, in aka yi sakaci ya yi zare ya dushe. Ga kuma gurguzu da ke ciki yana neman a ƙara masa kwanaki kafin ya nuna. Wannan ja-in-ja tsakanin kwanso da iri kowace mace da yadda take raba shi: wasu saiwoyin a tsinke su da wuri don sha da sayarwa, wasu a bar su su ƙosa.

Ɓarar zoɓo aikin haƙuri ne. Jikin ƙullin yana da ƙananan gashi masu ƙaiƙayi, yatsu kuma su rine har kwanaki. Wasu sun ƙware da farce da wuƙa, wasu suna amfani da ɗan bututun ƙarfe su turo ƙullin ta ƙasa, kwanso ya fita ɗungum bai yage ba. Sai shanya, a kan tabarma ko buhu, ba a ƙasa ba, a baza shi sirara, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Iskar hunturu kan gama da shi cikin 'yan kwanaki. Kimanin kilo 10 na ɗanye ne ke komawa kilo 1 na busasshe, wanda ya san haka ba zai yi ta ja da mai talla kan kuɗin mudu ba.

Wannan tsabtar shanya ta wuce sha'anin gida. Nijeriya na cikin manyan masu fitar da zoɓo a duniya, Jigawa ce kan gaba, kasuwar Maigatari kuma ta yi suna a kansa. Babbar mai saye ita ce Meziko, inda jan ruwan nan yake abin sha na yau da kullum, kuma an taɓa rufe wa zoɓon Nijeriya ƙofa a can na wasu shekaru saboda ƙwarin ajiya da aka gani a buhuna. Abin da dillali ke dubawa launi ne, da yashi, da ƙwaro, kuma duka ukun a tsakar gida ake cin nasararsu ko a faɗi.

Akwai kuma farin zoɓo, wanda kwansonsa kore-kore ne. Ya fi shiga miya da fate, ko da yake wasu na jiƙa shi su sha.

Mai haɗa zoɓon sha a Jega ta gaji kasuwa. Tun ƙarni na 19 garin yake matattarar fatake, masu zuwa Gwanja neman goro suna yada zango a nan, kuma har yau duk abin da tukunyar zoɓo ke so yana rumfar 'yan koli: citta daga kudancin Kaduna, kanumfari daga ƙetare, masoro, kimba, mazarƙwaila. Aikin yakan fara da tsince, sannan wanki, wanda dole ya zama na sauri kuma da ruwan sanyi, don launin nan ba ya jira, da ya ji ruwa ya fara fita. Mai tsayawa tana cuɗawa rabin dukiyarta take zubarwa. Daga nan ko dai a tafasa shi tare da dakakkiyar citta da kanumfari da ɓawon abarba, ko a tafasa kayan ƙamshin su kaɗai, a sauke, a zuba zoɓon a rufe ya kwana. Na biyun ya fi fito da launi garau da ɗanɗano mai laushi. Na farkon ya fi sauri. Dogon dahuwa yana mayar da ja ya koma ƙasa-ƙasa. Tukunya ma tana da ta cewa. Tsami yana cin ƙarfe da dalma, zoɓo ya yi duhu ya ɗauko ɗanɗanon tukunya, shi ya sa tsofaffi suka fi son ta ƙasa ko kwano mai fenti.

Kanwa a zoɓo ita ce jarrabawar gwana. Jan launin nan na wani sinadari ne da ake kira antosayanin, wanda ba ya zama ja sai cikin tsami. Ɗiga ruwan kanwa a kofin zoɓo ka gani: zai bar ja ya koma shuɗi-shuɗi, in ka ƙara ya yi baƙi-baƙi mai ratsin kore. Don haka ɗan ƙanƙanin da ake sawa yana rage tsami, ya rage kuɗin sukari, ya ba ruwan duhu mai kyau, amma taki ɗaya gaba an ɓata tukunya. Mai sayarwa a tashar Jega, ko a bakin jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, tana yin wannan awon kullum da asuba, cikin bokiti, kuma zoɓon yau ya fito daidai da na jiya. Sukari sai bayan an tace yake shiga. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne yayin zuba garin lemon kwalba da turaren abinci har a rasa ɗanɗanon zoɓon kansa, da kuma gorunan da ake tsinta a sake cikawa ba tare da wanki na kirki ba. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, zoɓo mai sukari da ba ya cikin sanyi ba ya wuce yini ɗaya ko biyu kafin ya juya. Gwana ta san adadin da za ta iya sayarwa kafin magariba, musamman da azumi, kuma iyakarsa take haɗawa.

Ta fuskar magani, iyayenmu sun daɗe suna ba mai mura zoɓo da zafinsa, da citta da masoro da zuma. Suna ba wanda zazzaɓi ya kashe wa baki miyar sure don ta dawo masa da sha'awar abinci. Sun san zoɓo yana sa fitsari, yana kuma sassauta ciki.   

Maganar hawan jini ita ce ta fi samun shaida. A 2010 masu bincike na Jami'ar Tufts da ke Boston a Amurka suka buga sakamakon gwaji kan mutum 65 da jininsu ya fara hawa. Waɗanda suka sha kofi 3 na shayin zoɓo kullum har mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da 7.2, ta waɗanda aka ba wani ruwa mai kama da shi kuwa da 1.3 kawai. Wani binciken daga Inugu da aka buga a 2015, kan 'yan Nijeriya masu matsakaicin hawan jini, shi ma ya ga saukar. Abin a yaba ne, amma a lura da girmansa. Saukar maki 7 taimako ce, ba ta kai a ajiye ƙwayar asibiti ba, kuma mai shan ƙwaya da zoɓo a tare ya kamata likitansa ya sani, don kada jinin ya sauka fiye da kima. Zoɓon da aka danƙara wa sukari kuwa, abin da ya bayar da dama yana karɓewa da hagu, balle ga mai ciwon sukari.

Cewa da ake yi yana ƙara jini, launinsa ne ya ruɗi mutane. Jan zoɓo daban, jan jini daban. Mai ƙarancin jini ya fi samun amfani a tukunyar miya, inda ganye da kifi da daddawa suka haɗu. Haka nan ba a haɗiyar magani da zoɓo. Tun 1994 aka nuna a Sudan, inda suke shan sa da yawa, cewa yana rage yawan kulorokwin da ke shiga jini. Mai ƙaramin ciki ma shawarar da aka saba ba ta ita ce ta ja baya da shi har ta sauka lafiya.

Duk wannan ana iya koyonsa cikin shekara guda. Inda ake gane wadda ta gaji aikin shi ne wajen gurguzu. Ƙwayoyin nan ƙanana ne, masu tauri kamar tsakuwa, tsuntsu ma ba ya rububinsu. Amma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu furotin ne, abincin gina jiki, kusan kashi ɗaya cikin biyar kuma mai ne. Yadda za a fito da wannan arziki daga cikin ɓawo shi ne aikin mai daddawar batso.

Takan sheƙe gurguzu, ta rege shi ta fitar da tsakuwa, ta ɗora a babbar tukunya tun da yamma. Dahuwar takan ci awa 8 zuwa 12, wani lokaci fiye, ana ƙara ruwa ana tura icce. A nan toka ta daina zama abin ɗigawa da tsoro, ta zama abokiyar aiki, don ita ke sassauta ɓawon. Alamar nuna ita ce ƙwaya ta murje tsakanin yatsu biyu. Sai a tsane shi, a juye da ɗuminsa a tukunya ko kwando, a lulluɓe da buhu da tsummoki, a kai ɗaki mai ɗumi a ƙyale shi kwana 2 ko 3. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin lulluɓin nan masana sun bi diddiginsa: wasu ƙwayoyin halitta ne, dangin basilus, irin waɗanda ke aiki a daddawar kalwa, suke farfasa furotin, su mayar da shi abin da harshe ke ji da daɗi kuma ciki ke iya narkarwa. Warin da ke tashi, mai hawa ka, shi ne shaidar suna aikinsu. Ita mai daddawa ba ta buƙatar madubin likita. Takan cusa hannu ta ji ɗumin, ta shinshina, ta duba ko ƙwayoyin sun fara danƙo suna jan zare. In wurin ya yi sanyi abin ya tsaya, shi ya sa da hunturu ake ƙara lulluɓi da kwana. In ruwa ya yi yawa ya ruɓe, kuma hancinta yana bambance warin nuna da warin ruɓa tun daga ƙofar ɗaki.

Bayan haka sai turmi. A kirɓa shi, wasu su yayyafa ruwan toka, a mayar a sake rufewa kwana ɗaya. Wasu kuma turara shi suke yi. Daga nan a cura, a faɗaɗa da tafin hannu, a shanya a rana har ya yi baƙi ya ƙafe. Wanda ya bushe sosai yakan yi watanni bai lalace ba. Dabarar ba ta tsaya ga garuruwan nan na ƙasar Kabi ba. Ana yin ta a Nijar, a Burkina Faso suna ce mata bikalga, a Mali datu, a arewacin Kamaru mbuja, a Sudan furundu, kuma ko'ina hannun mata take.

An daɗe ana yi wa batso kallon daddawar talaka, ta wanda kalwa ta fi ƙarfinsa. Yanzu da itatuwan ɗorawa ke raguwa a gonaki, kalwa na ƙara tsada, wannan kallon ya kamata a sake shi. Dunƙulen Maggi yana ba miya gishiri da ɗanɗano, amma ba ya sa mata abin gina jiki. Batso yana yin duka biyun, kuma a gidan da nama sai ranar kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yana da ƙarfi, ba a yi masa hannu sake. Ana daka shi da barkono da albasa, a sa shi tun farkon sanwa don warin ya dahu ya bar ƙamshi. Wadda ta jefa shi ana gab da saukewa, kowa a gidan zai sani.

Mai saye a kasuwar Jega ko ta Maiyama ba ta tsayawa ga kallo. Takan karya guda ta duba cikinsa ko ya bushe har tsakiya, ko akwai farin fumfuna. Ta shinshina. Ta gutsuri ɗan kaɗan ta tauna da haƙoran gaba, don yashi ba ya ɓuya a nan. Idan ta samu hannun da ya yi mata, ta riƙe shi ke nan, ko an ƙara kuɗi, kuma duk mako rumfar za ta nufa kai tsaye ta ce a auna mata na jiya.